Ranar da Jirgi Ya Bar Inna Kulu a Kan Dutse

Jiya ina jin ku daga teburina kuna dariya, kuna cewa aikin da nake shafe kwana biyu a kansa wayar hannu tana gama shi kafin shayi ya huce. Gaskiya ne waya ta san lokacin da jirgin ƙasa zai tashi da lokacin da zai isa. To ku jawo kujeru, babu mai shigowa yanzu sai bayan la'asar, in gaya muku abin da ke cikin aikin.

Kun dai ga yadda kasuwarmu take a wannan maktab, ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Tandabawi. Da zafi ya sauko Makka, makarantu suka rufe, sai iyalai su fara shigowa suna neman inda za su sha iska. Wani na yi musu biza, wani otal, wani jirgin sama. Ni nawa yini ɗaya ne tak. Iyali su fito daga otal da safe a wata ƙasa, su hau jirgin ƙasa, su sauka wuri biyu ko uku su kalli duwatsu da tafkuna, su ci abincin rana a wata ƙasar daban, su komo makwancinsu kafin magariba. Kuna zaton zaɓen wuri mai kyau shi ne aikin. A can ko ina ka juya kyau ne. Aikin shi ne sanin abin da gwiwar tsohuwa za ta iya yi tsakanin jirgin da ya sauke ta da wanda zai ɗauke ta.

Ban fara da jirgin ƙasa ba. Na fara da motocin alhazai, a hannun Mu'allim Bakur, Allah ya jiƙansa. Wata safiya a Muzdalifa, an idar da asuba, ya ce in duba motarmu ko ta cika. Na ƙirga kawuna sau biyu, na dawo na ce hamsin cif, direba ya tada mota. Sai ya ce, "Ina tsohon nan mai jan bargo?" Na ce ai hamsin ne. Ya kama kunnena ya hau da ni motar, ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu ba namu ba ne, sun ɓace daga wata mota suka faɗo tamu. Namu biyu kuwa suna can bayan wani tanki suna tsintar tsakuwa. Tun ranar bai ƙara barina na ƙirga ba. Sai dai in kira suna, mai sunan ya amsa. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa kafin ya yarda in tsara wa mutane tafiya da kaina, kuma ko a lokacin sai ya karɓi takardar ya tambaye ni, "A ina za su yi fitsari?"

Kayan aikina ga su nan kuna gani, kuna yi musu dariya. Agogo biyu a bango, ɗaya na Makka, ɗaya na can, wanda yake bayanmu da awa guda a lokacin zafi. Fensir, don jadawalin jirgi yana canjawa. Sai wannan baƙin littafi. Layin da na fi tura mutane, wanda ya tashi daga duwatsun Suwizalan ya gangara garin Tirano na Italiya, sau biyu na bi shi da ƙafata, da kuɗin aljihuna. Ina sauka kowace tasha in ƙirga taku nawa ne daga ƙofar jirgi zuwa banɗaki, matakala nawa ne, ina ne inuwa, ina ne mace za ta shimfiɗa darduma ba a tsaya kallonta ba. Na rubuta inda waya ke ɗaukewa saboda jirgi ya shiga cikin dutse. Na rubuta ƙananan tashoshin da jirgi ba ya tsayawa sai ka danna maɓalli. A shafukan baya kuma akwai lambobin mutane: mai gidan abinci, mai taksi, wani Bamasare mai gasa kaza a Tirano. Kowace shekara sai na kira su na gaishe su ko ba ni da baƙo.

Masu zuwa kuwa, kowa da irin nasa. Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa da hoton da ya gani a wayar ɗan'uwansa, ya ce nan yake so, daidai wannan bencin. Wani ɗan kasuwa ya dage sai na sa masa tsayawa biyar a yini ɗaya da yara shida. Na ce uku. Ya ce kuɗinsa ne. Na ce ƙafafun 'ya'yansa ne. Ya tafi wani maktab, suka ba shi biyar ɗin, jirgin ƙarshe ya wuce su a Italiya suka kwana a kujerun tasha. Da shekara ta zagayo ya dawo wurina, bai ambaci zancen ba, ni ma ban ambata ba.

Sai shekarar annoba ta zo. Kun gan ta kuna yara, amma ba ku ga wannan ƙofar a kulle wata da watanni ba. Ni da nake tura mutane ƙasa biyu a yini ɗaya, sai da izini nake fita daga unguwarmu. Da aka ɗan sassauta, na koma kai wa mutane kayan cefane gida-gida da motata. Da aka buɗe hanya kuma, sai na tarar rabin abin da ke littafina ya mutu. Gidajen abinci sun rufe, lokutan jirage sun sauya, lambobi da yawa ba sa shiga. Ga mutane sun yi shekara biyu a kulle, kowa so yake ya fita a wata guda. Ina tsara tafiya takwas, tara a mako. A cikin wannan gaggawa ne na karɓi aikin Abdul'aziz.

Abdul'aziz ma'aikacin asibiti ne, haifaffen nan, fasfonsa na Saudiyya. Zai tafi da matarsa Samira, da 'ya'yansu uku, da mahaifiyarsa Inna Kulu. Ita Inna Kulu na san ta tun ban san kaina ba, don katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da na mahaifiyata Ladidi a unguwar Nakkasa. Daga wajen Maraɗi ta zo aikin hajji da mahaifinta tana budurwa, ya rasu a nan, ta zauna. Ta yi shekaru masu yawa ba ta da takarda ko ɗaya, tana sayar da gyaɗa da turare a gindin dutse, kafin ta auri mahaifin Abdul'aziz a yi mata iƙama, wato takardar izinin zama. Har yau fasfon Nijar take riƙe da shi. Ba ta karatu, ba ta jin wani harshe sai Hausa da Larabcin kasuwa. Tun da aka rushe gidajen unguwarsu ta koma bene wurin ɗanta, ta daina yawan magana. Shi ya sa yake so ya fita da ita ta ga kore. Bizar tasu ta fito a 'yan kwanaki, tata sai da muka yi wata biyu muna bi.

Na tsara musu yini mai sauƙi. Tsayawa ta farko a wani farin tafki a ƙwanƙolin dutse. Ta biyu a wata tasha da muke kira Baranda a nan maktab, don sunanta na gaskiya yana karya harshe. Gini ɗaya ne a gefen dutse, da gidan abinci, da wani fili da kake tsayawa ka ga ƙanƙara a sama, kwari a ƙasa. Mota ba ta zuwa wurin, jirgi kawai, ko ƙafa. Awa ɗaya a nan, sannan su gangara su tsallaka iyaka, su ci abinci a Tirano, su haɗa azahar da la'asar a can. Na buga wa kowa kati mai lambata da sunan otal. Ƙa'idata ce in zauna da duk tsohon da ke cikin tafiya in bi masa takardar da baki, tasha-tasha. Wannan karon ban yi ba. Na miƙa wa Abdul'aziz ambulan a tsaye, waya na kunnena, na ce ya gaishe min da Inna.

Ranar tafiyar, ana tada sallar azahar a masallacin unguwa, abokin aikina ya riga ya fita, ni kuma na yi alwala ina neman takalmina, sai waya ta yi ƙara. Agogon Makka ya ce sha biyu da minti talatin da biyar.

"Ammu Idris! Ummi! Ummi ba ta cikin jirgi!"

Abdul'aziz ne, Ammu yake ce min, wato baffa, Ummi kuwa uwarsa yake nufi. Ya juya Larabci yana zubawa ba numfashi. Na ce ya tsaya, ya ba ni amsa ɗaya-ɗaya. Sun sauka a Baranda lafiya, sun sha shayi. Da jirgin gangara ya iso, shi ya shiga taragon gaba da yara maza biyu don su ɗauki hoto, Samira ta shiga na baya da ƙaramar da jakunkuna. Shi yana zaton uwarsa na tare da matarsa, ita tana zaton tana tare da ɗanta. Sai da jirgi ya yi minti takwas yana gangara suka haɗu a tsakiya.

"Fasfonta yana ina?"

"Yana wurina. Na haɗa su duka a jakata."

"Katin da na buga mata fa?"

"Yana jakarta."

"Jakar tana ina?"

Sai na ji muryar Samira daga gefe tana cewa, "Ga ta a hannuna, Ammu. Na karɓa ne don kar ta yi mata nauyi."

Wato tsohuwa 'yar shekara saba'in da wani abu tana kan dutsen da babu hanyar mota, ba takarda, ba waya, ba ko kwabo, da abaya marar kauri da silifas.

"Zan ja birkin nan ja," in ji Abdul'aziz. "Wallahi zan ja shi."

"Kar ka taɓa shi. Layin nan ɗaya ne. In ka tsayar da jirgi a tsakiyar gangare, ba za a buɗe maka ƙofa ba, kuma ka tare hanyar jirgin da zai mai da kai wurinta. Kana ji na? Akwai wata 'yar tasha a gabanku—"

Waya ta ɗauke. Sun shiga cikin dutse.

Na buɗe littafi. 'Yar tashar tana gabansu da minti huɗu, kuma tana cikin waɗanda sai an danna maɓalli. In suka wuce ta, babu sauka sai garin da ke cikin kwari, rabin awa a gaba. Na kira, ba ta shiga. Na sake kira. Na rubuta saƙo, yana nan bai tafi ba. A kira na biyar ta shiga, ban ko yi sallama ba.

"Maɓalli a gefen ƙofa, danna shi yanzu! Kai kaɗai za ka sauka. Ɗauki fasfonka da nata, ka bar wa Samira sauran. Su wuce garin cikin kwari su sauka su jira."

Na ji ƙarar birki, na ji yara suna kuka. Ya sauka da jakar gaba ɗaya, sai da Samira ta yi ihu ya zaro fasfo huɗu ya cilla mata ta ƙofa tana rufewa.

Yanzu yana tsaye shi kaɗai a tashar da ba kowa, cikin itatuwa. Jirgin hawa zai zo nan da minti ashirin da biyar. Ya ce ga wata hanyar ƙafa ta nufi sama, zai bi ta da gudu. Na ce a littafina awa ɗaya da kwata ce ga Bature mai takalmin dutse da sanda, shi da takalmin da ke ƙafarsa sai ya yi biyu. Na ce ya nemi maɓallin da ke jikin ginshiƙin tasha ya danna, don jirgin hawa ma ba zai tsaya haka kawai ba, sannan ya tsaya inda yake.

Na ɗauki wayar tebur na kira gidan abincin Baranda. Akwai wata mata mai suna Marta da ke kula da wurin, shekaru ina kama wa baƙina tebur a hannunta. Turancina na aiki ne, nata ma haka, amma muna fahimtar juna. Lokacin cin abinci ne, ina jin ƙarar faranti. Na ce tsohuwa baƙa, baƙaƙen kaya, ba ta jin kowane harshe nasu. Ta ce ta tuna ta, ita ce ta ƙi shan shayin sai da aka ƙara sukari. Ta ajiye kan wayar ta tafi. Ina kallon agogo. Ta dawo ta ce banɗakin mata ba kowa, amma ƙasa duk ruwa ne a gaban famfo, kamar an wanke ƙafa.

Nan na gane abin da ya faru. Alwala ta yi. Agogon hannunta na Makka ne, mijinta ya saya mata, ba ta taɓa yarda a juya shi ba. Ta duba ta ga azahar ta yi, ta tashi ta nemi ruwa, ta zagaya bayan gini ta tada salla. Babu wanda ya gaya mata sai a Italiya za a yi, don wanda ya kamata ya gaya mata ni ne.

Marta ta ce ta sanar da wani ma'aikacin layin dogo, yana zagayawa yana nema. Minti biyar, ba labari. Minti goma, ba labari. Sai ta dawo da wata magana. Wani jirgin 'yan yawon buɗe ido, mai manyan tagogi, ya tsaya a Baranda na ɗan lokaci ya wuce ƙasa. Wasu baƙi sun ce sun ga mace mai baƙaƙen kaya kusa da taragon ƙarshe. Marta ta ce a ganinta tsohuwar ta shiga ne don ta bi iyalinta. Ta ƙara da cewa gajimare ya taso daga wajen ƙanƙara, ruwa na zuwa, sanyi ya fara sauka.

Ban ajiye ba sai wayar hannu ta yi ƙara. Abdul'aziz ne, yana haki. Jirgin mai tagogi ya wuce ta gabansa bai tsaya ba, kuma ya ga baƙin mayafi a wata taga.

"Ita ce, Ammu! Ta wuce Italiya! Ka nemo min mota in bi ta!"

"Ka ga fuskarta?"

"Ban gani ba, gudu yake, amma ita ce!"

Saura minti bakwai jirgin hawa ya iso. Ku da kuke cewa waya na yin aikin nan, ku gaya min me za ta ce masa. In tana cikin jirgin can, to ta nufi iyakar wata ƙasa ba takarda, baƙar tsohuwa da ba ta iya faɗin sunan otal ɗinta. Ba kullum ake duba fasfo a wannan iyakar ba, amma ana yi, kuma in an yi za a ɗauke ta cikin waɗanda suka tsallako teku. Ni kuma in na tura ɗanta sama, na tura fasfonta ya yi gabas ita ta yi yamma. In kuwa ba ta shiga ba, na tura shi ƙasa, to na bar ta a kan dutse ruwa na dukanta, ga rami ta ko'ina.

Na kira Samira da sauri na ce in sun sauka ta zaunar da yara a benci, jirgi mai manyan tagogi zai iso bayansu, ta bi taragon ɗaya-ɗaya tana leƙawa. Amma wannan sai nan da kusan rabin awa. Na koma kan Marta.

"Jirgin nan mai tagogi, wa ke tsayawa a ƙofarsa?"

Ta ce kwandasta, yana duba tikitin duk mai shiga.

"Da kayan sarki?"

Ta ce e, da hula.

"Mutumin da ke neman ta fa, me ya sa?"

Ta ce rigar aiki mai ruwan lemo, da rediyo a kafaɗa, yana ta kira da ƙarfi.

Ni a Nakkasa aka haife ni. Na san yadda unguwa take yi in motar jawazat, masu kamen marasa takarda, ta tsaya a gindin dutse. Mata sukan bar tiren gyaɗa a inda yake, ba mai gudu ƙasa, kowa sama yake yi, lungu-lungu, a shige bayan tankin ruwa ko kangon gini a yi tsit har sai yara sun zo sun ce an tafi. Inna Kulu ta yi wannan hawan ya fi a ƙirga, sau da yawa da ni a hannunta. Iƙamarta ta shekara talatin ba ta cire mata wannan tsoron ba. Macen da ta shafa jikinta ta ji babu takarda ba za ta doshi ƙofar da mai hula yake tsaye ba. Kuma duk kiran da mai rediyo yake yi, ƙara korar ta yake.

Na ce da Abdul'aziz, "Jirgin da ke zuwa, ka hau. Sama za ka."

"Ammu, na gan ta da idona!"

"Mayafi ka gani. Rabin Larabawan Jidda suna kan layin nan a wannan watan. Uwarka tana sama."

"In ka yi kuskure fa?"

"In na yi kuskure, matarka tana ƙasa tana jiran jirgin can. Hau."

Na ji ƙarar jirgi na isowa, na ji shi yana salati, ban san ko ya hau ba, waya ta sake ɗaukewa.

Na roƙi Marta abu uku. Ta ce wa mai rediyo ya shiga ciki ya zauna. Ta cire rigar aikinta mai tambari. Ta ba ni lambar wayarta ta hannu, ta fita da ita ta bi hanyar da ta hau bayan ginin, ba wadda ta gangara ba. Ta ce gidan cike yake da baƙi, ita da mai dafa abinci ne kawai. Na ce na sani. Ta yi tsaki irin nasu, ta karanto min lambar.

Na ce ta buɗe lasifikar wayar ta ɗaga ta sama. Ina jin takunta a kan tsakuwa, ina jin iska. Na miƙe tsaye a nan, daidai inda firinta take yanzu, na buɗe murya.

"Inna Kulu! Inna Kulu! Ni ne Idi! Idi na Ladidi!"

Ba amsa sai iska. An fito daga masallaci, mutane suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna kallon dattijo da ƙafa ɗaya a takalmi yana ihu shi kaɗai. Abokin aikina ya shigo zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

Marta ta ce hanya ta rabu biyu. Ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce, ta nufi wurin da ake tsayawa kallo. Ɗayar tsaye take, ba mai binta sai masu aiki. Ruwa ya fara sauka. Na ce a kan mai tsayin akwai abin da mutum zai iya ɓuya a bayansa? Ta ce akwai wata rumfar katako da ake tara itace. Na ce can.

"Inna! Babu jawazat a nan! Idi ne, ki amsa min!"

Na kira ya kai sau goma. Sai Marta ta daina tafiya, na ji tana magana a hankali da harshensu, irin yadda ake yi wa yaro. Sannan wata murya ƙasa-ƙasa.

"Idi? Kai ne a cikin abin nan?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya aiko Baturiyar nan?"

"Ni na aiko ta. Mutuniyar kirki ce, na san ta."

"Mai jan kayan ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ba ni da takarda a jikina, Idi. Na sallame salla na ga ba kowa. Ko ɗaya ba ni da ita."

"Takardarki tana hanya. Abdul'aziz na riƙe da ita, yanzu zai iso."

Marta ta ce min Inna tana tsugune tsakanin itace da bango, silifas ɗaya ya ɓace, hannuwanta kamar ƙanƙara. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa mata. Na ce Inna ta bi ta su sauka cikin ɗumi. Ta ce ba inda za ta sai ta ga ɗanta da idonta. Marta ba ta ji Hausa ba amma ta gane, sai ta zauna kusa da ita a kan itacen, ruwa na zuba, baƙinta na can suna jiran abinci. Minti tara suka yi a haka. Ni kuma ina ta yi wa Inna surutu don kar ta yi shiru, ina tambayarta sunayen maƙwabtanmu na da. Sai na ji ƙahon jirgi daga ƙasa. Jim kaɗan na ji muryar namiji yana hawowa yana kiran "Ummi! Ummi!" Ashe ya hau.

Na kira Samira na gaya mata. Ta riga ta bi taragon jirgin can har ƙarshe, mai baƙin mayafin wata yarinya ce 'yar Kuwait.

Da suka sauko gidan abincin aka ba Inna shayi da safa, na ce wa Abdul'aziz ya haƙura da Italiya, in tsara musu komawa otal. Sai Inna ta karɓe wayar.

"Idi, ba ka ce akwai wata ƙasa a gaba ba?"

"Akwai, Inna, amma kin sha wahala."

"Wata biyu ana neman min izinin shiga. A kai ni."

Na zauna na sake yinin daga farko. Na soke wata 'yar tsayawa da na sa musu a komowa, na kira Bamasaren ya ajiye musu abinci har ƙarfe uku, na matsar da su jirgin da ke gaban na ƙarshe don a sami abin faɗawa in wani abu ya sake faruwa. Na sa Abdul'aziz ya sayi 'yar jaka mai igiya ya rataya mata fasfonta da katina a wuya. Kuma ranar, a tashar ƙarshe kafin iyaka, 'yan sanda biyu suka shigo taragonsu suna duba takardu. Abdul'aziz ya ce ya miƙa hannu zai ciro mata, ta buge hannun. Da kanta ta zuge jakar, ta ciro fasfon ta miƙa. Ɗan sandan ya duba hoton, ya dube ta, ya mayar mata, ya ɗan sunkuyar da kai ya wuce.

Na yi azahar ɗina ranar ana gab da kiran la'asar. Washegari na aika wa Marta kwalin dabino mafi kyau da na samu a kasuwa. Tun daga lokacin, ko da mutum goma ne a layi, tsoho ba ya tafiya da takardata sai na zauna da shi na ga agogon da ke hannunsa.

Bayan sun dawo da mako biyu, sai ga Inna Kulu a maktab, Abdul'aziz na riƙe da hannunta. Na tashi zan ba ta haƙuri, ta ce in zauna.

"Ruwan nan da ke zubowa daga dutse, wanda nake hange daga inda na ɓuya. Ina yake zuwa?"

"Tafki, Inna. Daga nan ya zama kogi."

"Wa ke rufe shi in an gama ɗiba?"

"Ba a rufe shi."

"Ko da rani?"

"Ko da rani."

Ta jinjina kai.

"Ni da uwarka jarka bibbiyu muke hawa da su Nakkasa. Ran da tata ta fashe a rabin hanya, zama muka yi a kan matakala muna kuka kamar an yi mutuwa." Ta gyara mayafinta. "Badi in da rai ka sake sa ni a wurin. Amma awa biyu za ka rubuta. Ɗaya ba ta isa kallon ruwan nan ba."